Girafin: yadda za ka fitar da shi, ka gwada shi, ka san inda zai yi aiki a Kano

Baƙin abin da ke tsakiyar fensir girafait ne da aka cuɗa da yumɓu. Shi kuwa girafait shimfiɗu ne na ƙwayoyin kabon, ɗaya bisa ɗaya. A cikin kowace shimfiɗa ƙwayoyin sun riƙe juna gam, gida-gida mai kusurwa 6 irin na saƙar zuma, amma tsakanin shimfiɗa da 'yar'uwarta riƙon sako-sako ne, shi ya sa suke zamewa su bar baƙi a takarda. Idan ka ɓare shimfiɗa ɗaya tak, ita ake kira girafin. Sai ka jera kusan miliyan 3 kafin kaurinsu ya kai milimita 1.

Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka fara ɓare ta a Jami'ar Manchesta da ke Ingila a 2004, da salatif, aka ba su kyautar Nobel a 2010. Awon da ya biyo baya shi ya tayar da hankalin duniya. A 2008 masu bincike a Jami'ar Kolombiya ta Amurka sun auna ƙarfin shimfiɗar da ba ta da tabo, ya ninka na ƙarfen gini fiye da sau 100. Tana wuce da zafi fiye da tagulla ninkin-ba-ninki, tana wuce da lantarki, haske kashi 2.3 cikin 100 kawai take tarewa, kuma shimfiɗar da ta rufe murabba'in mita 1 nauyinta bai kai miligiram 1 ba. A 2013 Tarayyar Turai ta buɗe shirin shekara 10 na bincike a kanta da kasafin yuro biliyan 1.

Sai dai duk waɗannan alƙaluman na shimfiɗa ɗaya ne mai lafiya a ɗakin gwaji. Abin da zai shigo Kofar Ruwa ko Sharada ba shi ba ne. Gari ne baƙi, marar nauyi, da ake zuba ɗan kaɗan cikin siminti, fenti, roba ko farantin batir. Ra'ayinmu shi ne nan ne girafin zai fara taɓa rayuwar Bakano, kuma wanda zai ci moriyarsa shi ne wanda ya iya abu biyu: warwatsa garin cikin abin da ya zuba shi, da gwada sakamakon da awo. Wanda bai iya su ba, baƙin gari zai saya da tsada.

Ka fara sanin wanne ake nufi

Suna ɗaya ake kira, kayan kuwa daban-daban. Akwai shimfiɗa mai faɗi da ake tsirar da ita a kan fallen tagulla cikin tanda mai zafin kusan digiri 1,000 da iskar metan da haidurojin, hanyar da aka bayyana a Jami'ar Tekzas a 2009. Wannan ta na'urorin lantarki ce, santimita-santimita ake sayar da ita, ba ta da alaƙa da magini ko mai fenti. Akwai ɓarɓashi mai shimfiɗa kaɗan, wanda ƙa'idar hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta 2017 ta iyakance shi daga shimfiɗa 3 zuwa 10. Akwai girafin oksaid, wanda aka liƙa wa iskar oksijin a jiki: ruwan ƙasa-ƙasa ne, yana bajewa cikin ruwa ba wahala, amma ba ya wuce da lantarki. Idan aka cire masa yawancin oksijin ɗin da zafi ko da sinadari sai ya koma baƙi, lantarki ya dawo, amma da tabo a jikinsa.

Wanda ya wuce shimfiɗa 10 girafait ne kawai da aka niƙa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2018 masu bincike a Jami'ar Ƙasa ta Singafo, tare da Novoselov kansa, sun gwada kayan kamfanoni 60 na duniya, suka tarar yawancinsu girafin ɗin da ke ciki bai kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma babu wanda ya haura kashi 50. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka nemi mai sayarwa ya rubuta maka iri, yawan shimfiɗa, faɗin ɓarɓashin, yawan oksijin, da takardar gwajin wannan kason da zai aiko maka, ba ta wani kaso na bara ba.

Fitar da shi da hannunka

Hanyar salatif ta koyarwa ce. Ka manna ɓallen girafait mai kyau a salatif, ka naɗe ka ɓare sau 10 zuwa 20 har baƙin ya zama toka-toka, ka danna a kan fallen silikon mai rufin oksaid nanomita 300, ka duba a madubin ƙara girma. Rufin nan ne ke sa a ga shimfiɗar. A kan gilashi da ƙyar ido zai kama ta. Abin da za ka samu bai kai faɗin gashi ba.

Hanyar bilenda ta fito ne daga ɗakin gwajin Jonathan Coleman a Kwalejin Trinity ta Dublin a 2014. Rabin litar ruwa, garin girafait giram 20 zuwa 50, sabulun wanke-wanke na ruwa mililita 10 zuwa 25, bilenda mai wat 400, a markaɗa minti 10 zuwa 30. Ka riƙa kunnawa minti 1 kana hutar da ita minti 1, domin da zafin Kano motar za ta ƙone, ruwan kuma idan ya yi zafi kumfa ke yawa. Sabulun shi ke hana shimfiɗun sake mannewa; in ya yi kaɗan su koma girafait, in ya yi yawa kumfa ta hana wuƙar cin ruwan. Abin da ke ɓarewa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, saura ya kwanta a ƙasa. Bilendar nan kuma ta bar kicin ke nan har abada.

Wadda muka fi ba ɗalibi ko mai ƙaramar sana'a shawara ita ce ta lantarki, domin kusan duk kayanta suna cikin gari.

Kayan aiki:
- Sandar kabon 2 daga cikin babban batirin tocila na da, mai kwanon tutiya. Ban da batirin alkalin, ban da na litiyam. Kada ka kuskura ka fasa waɗannan. In ka sami fallen girafait na ɗakin gwaji, ya fi sandar batir nesa ba kusa ba.
- Amoniyam salfet giram 13.2 a cikin tataccen ruwa lita 1. Na ɗakin gwaji ake so, na taki yana da datti. Tataccen ruwan shi ne wanda ake ƙara wa batirin inbata, ba asid ba. Ka tabbatar a wurin mai shago.
- Na'urar ba da wutar DC mai juya bolt, irin wadda masu gyaran waya ke aiki da ita a Farm Centre, mai iya ba da bolt 10 da amfiya 2 ko fiye.
- Kwalbar gilashi mai faɗin baki, wayoyi masu maƙali, takardar tace, mazurari.
- Injin wankin fanel mai girgiza ruwa, shi ma na masu gyaran waya.
- Safar hannu ta roba, tabarau na kariya, takunkumi N95.

Ka fasa batirin da safar hannu, domin baƙin kwaɓin da ke kewaye da sandar yana cin fata. Ka kankare sandar, ka goge ta da sanfefa, ka tafasa ta a ruwa kamar minti 15. Masu yin batir suna jiƙa sandar da kakin da ke hana ruwa shiga. Idan ba ka fitar da shi ba za ka ga kumfa na tashi amma sandar ba ta ɓarewa.

Ka zuba ruwan gishirin amoniyam salfet ɗin mililita 200 a kwalba, ka tsoma sandunan a tsaye, tazarar santimita 2 tsakaninsu. Wadda za ta ɓare ita ke kan jar waya, ɗayar a kan baƙa. Maƙalin wayar ya tsaya sama da ruwa. Idan ya taɓa ruwan tagullarsa za ta narke, ruwan ya yi shuɗi, kayan su gurɓace. Ka fara da bolt 2 zuwa 3 na minti 5 don ruwan ya ratsa, sannan ka ɗaga zuwa 10. Abin da ke faruwa shi ne wutar tana tura ƙwayoyin salfet da ruwa tsakanin shimfiɗu, a can su zama iska, iskar ta buɗe shimfiɗun. Da idonka za ka ga fuskar sandar ta kumbura, ta yi kaushi, baƙin ɓarɓashi na ɓallewa yana tasowa saman ruwa tare da kumfa.

A yi wannan a waje ko bakin taga, babu wuta babu sigari, domin haidurojin na fita ta baƙar waya. Ruwan zai yi ɗumi. Ka ajiye kwalbar cikin kwanon ruwan sanyi. Idan ya yi zafi, ko ka zarce bolt 10 don gaggawa, sandar za ta farfashe manya-manya, ka tashi da tsakuwar girafait. Haka nan idan gishirin ya yi yawa. In ya yi kaɗan kuma wuta ba ta gudu sosai, aikin ya ƙi ci.

Bayan sandar ta cinye, ka tace, ka wanke baƙin da tataccen ruwa sau da yawa. Ga hanyar sanin ya wanku: ka tsoma ƙaramar mitar TDS mai auna abin da ya narke a ruwa, irin ta masu fiya wata, a ruwan da ke ɗigowa, har karatunsa ya kusa da na tataccen ruwan. Ka mayar da baƙin cikin ruwa mililita 200 da ɗigon sabulu 2 ko 3, ka sa kwalbar a injin girgiza minti 30 zuwa 60, kana canza ruwan injin idan ya yi ɗumi. Ka ajiye awa 24 zuwa 48 ba motsi. Masu kauri za su kwanta. Ka zuƙe kashi 2 bisa 3 na sama da sirinji. Shi ne kayanka. Don sanin yawansa, ka busar da mililita 20 a ƙaramin faranti da ka riga ka auna, ka sake aunawa da sikeli mai karanta miligiram.

Ka bar shi a jiƙe. Busasshen garin yana tashi da ɗan numfashi, kuma shaƙarsa ce babban haɗarinsa. A 2021 hukumar lafiyar Kanada ta sa an janye wasu takunkumai masu girafin daga kasuwa saboda wannan fargaba. Bugu da ƙari, idan ya bushe shimfiɗun suna sake mannewa, warwatsa su ya zama sabon aiki.

Girafin oksaid kuwa kada a yi shi a gida. Hanyar Hummers ta 1958 tana haɗa asid mai ƙarfi da fotasiyam famanganet, haɗin da ke iya fashewa idan zafinsa ya haura digiri 55. Aikin ɗakin gwaji ne mai ƙanƙara da injin zuƙe hayaƙi, ƙarƙashin malamin da ya saba.

Me ka samu?

Gwajin gida biyu ne. Ka surka ruwan har ya yi toka-toka, ka haska shi da ɗan tocilan leza. Idan ka ga layin hasken a cikin ruwan, kuma bayan mako bai kwanta ba, ɓarɓashin ƙanana ne. Sannan ka tace kaɗan a takarda, ka busar, ka ɗora bakin wayoyi biyu na mitar awon lantarki tazarar santimita 1 ka karanta om, wato awon tirjiyar wuta. Wannan zai nuna maka yana wuce da wuta. Amma girafait ma yana yi, don haka babu ɗayansu da ya tabbatar da girafin.

Tabbaci sai da na'ura. A gwajin Raman, inda ake haska samfuri da leza na'ura ta fitar da zane, ana duba tudu uku a zanen: D wajen 1,350, G wajen 1,580, 2D wajen 2,700. D mai tsayi alamar tabo ne. A shimfiɗa ɗaya 2D siriri ne kuma ya fi G tsayi. A girafait gajere ne mai kafaɗa a gefe. A gwajin XRD, wanda ake yi da hasken eksire, girafait yana ba da tsini mai kaifi wajen digiri 26.5, girafin oksaid wajen 10 zuwa 11. Idan wani ya sayar maka da "girafin" ka ga tsinin 26.5 ya miƙe zanƙalƙal, ka san abin da ka saya. Ɗalibi ya tuntuɓi sashen kimiyyar sinadarai ko na fiziya a Jami'ar Bayero don a nuna masa inda ake kai samfuri. Gaskiyar abin da sandar batir ke bayarwa ita ce gauraye: mai shimfiɗa kaɗan, mai ɗan oksijin, da ragowar girafait. Ya isa koyo da gwajin farko, bai isa a sa masa farashi ba.

Siminti, inda lissafin ya fi ma'ana

Garin da ake gini dare da rana, daga Rijiyar Zaki zuwa Hotoro, duk abin da zai rage buhun siminti ba tare da rage ƙarfi ba ya cancanci a duba shi da kyau. A 2018 Jami'ar Exeter ta ba da rahoton kankaren da ƙarfinsa ya ninka fiye da sau 2, shigar ruwa kuma ta ragu sosai. A 2021 an zuba daɓen wani gidan motsa jiki a Amesbury ta Ingila da kankare mai girafin, aka rage kayan da kusan kashi 30 cikin 100. Ɓarɓashin yana zama wurin da ƙanƙarar siminti ke fara tsirowa, yana toshe ƙananan ramuka, yana tare tsaga tun tana ƙarama. Amma sakamako ya bambanta ƙwarai daga bincike zuwa bincike, wasu ma ƙarfin raguwa ya yi. Da simintinmu da yashinmu, gani ya kori ji.

Ga gwajin. Kwaɓi ɗaya na ƙananan bulo 6 masu santimita 5 kowane gefe: siminti giram 500, yashi mai tsabta da aka tankaɗe giram 1,375, ruwa mililita 242. Za ka yi kwaɓi uku daga buhu ɗaya, yashi ɗaya, rana ɗaya. Na farko ba girafin. Na biyu kashi 0.03 cikin 100 na nauyin siminti, wato giram 0.15. Na uku kashi 0.05, wato giram 0.25. In aka kai shi ga buhu mai kilo 50, giram 15 ne zuwa 25.

Kada ka barbaɗa garin a kan siminti. Cikin ruwan kwaɓin ake warwatsa shi tukuna, tare da maganin sassauta kankare na folikaboksilet kamar giram 1, a girgiza a inji minti 30, a zuba nan take. Dalili kuwa, ruwan siminti cike yake da kalsiyam, kuma da zarar ɓarɓashin ya haɗu da shi tsirara sai ya dunƙule. Dunƙulen ba ya ƙara ƙarfi, rami ne a cikin bulo. Maganin sassautawar yana lulluɓe ɓarɓashin ya hana hakan. Ka zuba adadin maganin daidai a kwaɓin farko ma, in ba haka ba ba za ka san wa ya yi aikin ba, shi ko girafin. Ruwan da girafin ke ciki kuma a lissafa shi cikin 242 ɗin.

Kuskuren da ya fi yawa na hannun birkila ne. Girafin, musamman oksaid, yana riƙe ruwa a jikinsa, kwaɓin ya yi tauri, sai hannu ya kai ga bokiti. Ƙarin ruwan nan zai cinye duk ribar. Na biyu shi ne rashin wanke kayan da aka yi da amoniyam salfet: salfet da amoniyam dukansu abokan gabar siminti ne. Na uku sabulu. Idan ya yi yawa yana cusa kumfa a kwaɓi, bulo ya yi sakayau.

Ka cika mol hawa biyu kana dannawa daidai-wa-daida, ka rufe da leda awa 24, ka cire, ka nutsar da su a ruwa a inuwa. A watan Afrilu da zafi ke kai digiri 40, ko da hunturu da iska ke busar da komai, bulon da aka bari a fili ya lalace tun kafin gwaji. Ka kai 3 daga kowane kwaɓi a matse su a injin ɗakin gwajin injiniyan gine-gine ranar kwana 7, sauran 3 ranar kwana 28. Idan bambancin da ke tsakanin kwaɓi da kwaɓi bai fi wanda ke tsakanin bulo 3 na kwaɓi ɗaya ba, ba ka ga komai ba tukuna. In ka ga ƙari na gaske, ka maimaita sau 2 da wani buhun, sannan ka yi lissafi: kuɗin giram 25 da maganinsa, a gefe guda kuma kuɗin simintin da za ka rage. Ko da lissafin ya fita, a fara da daɓe da intalok. Ginshiƙi da dakin, wato rufin kankare, sai injiniya ya sa hannu.

Batir

Batirin da aka rubuta wa girafin a kwali, ko na dalma da asid ne ko na litiyam, an dai ƙara masa ɗan girafin a farantinsa. A na dalma amfanin na gaske ne kuma ya shafe mu. Batirin sola a gidajen Kano ba kasafai yake cika ba, kullum a rabin caji, kuma a wannan halin ne farin gishirin dalma ke taurara a farantin baƙar waya har ya daina karɓar caji. Ƙarin kabon, ko girafin ko wani iri, yana rage wannan, batir ya fi saurin karɓar caji ya kuma ƙara kwana. Masu yin batirin babur mai caji a ƙasar Sin sun daɗe suna sayar da irinsa. Abin da ba ya yi shi ne ninka yawan wutar da batir ke ɗauka.

Saboda haka ka ɗora shi a sikeli. Batirin dalma mai bolt 12 da aka ce yana da Ah 200 nauyinsa wajen kilo 60 ne. Wanda ya zo da kilo 40 aka ce girafin ne ya rage masa nauyi, dalmar aka rage. Sannan ka cika shi, ka ja amfiya 20 ba yankewa, ka ga ko zai kai awa 10 kafin ya sauka zuwa bolt 10.8, idan C10 aka rubuta a jikinsa. Girafin kuma ba ya kare batir daga zafi. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanan batirin dalma biyu, don haka ɗaki mai iska ya fi kowane rubutun kwali.

Inda ake sa rai nan gaba shi ne haɗa girafin da silikon a batirin litiyam, domin silikon yana ɗaukar caji da yawa amma yana kumbura kusan sau 3 har ya farfashe, girafin kuma yana iya riƙe shi. Akwai kuma ma'ajiyar wuta mai saurin cika, wadda ke cika cikin daƙiƙu ta jure caji dubbai ɗaruruwa, amma abin da take ɗauka kaɗan ne. Ta dace da tayar da babban inji ko famfon burtsatse, ba ta dace da kwana da fanka ba.

Fenti, roba da zafi

A fentin ifoksi, kashi 0.1 zuwa 1 cikin 100 na ɓarɓashi mai faɗi yana tsawaita hanyar da ruwa da iska za su bi kafin su kai ga ƙarfe. Ga masu walda da ke yin get, tankin ruwa da ƙarfen ɗora sola, wannan abin dubawa ne. Amma akwai tarko. Girafin yana wuce da lantarki. Idan ya yi yawa har ɓarɓashin ya haɗu da juna ya taɓa ƙarfen, duk inda fentin ya karce tsatsa za ta fi gudu fiye da in babu shi. Don haka shafin farko a kan ƙarfe ya zama na yau da kullum, mai girafin ya hau sama. Gwajinsa: falle 6 na ƙarfe ɗaya, 3 da shi 3 babu, kauri ɗaya, a karce kowanne da alamar giciye, a riƙa fesa musu ruwan gishiri giram 50 a lita kullum tsawon wata, a auna nisan da tsatsa ta ci daga karcen.

Masana'antun roba na Sharada da Bompai ba sa bukatar taɓa gari ko kaɗan. Ana sayar da shi a dunƙule cikin ƙwayar roba, a gauraya da sauran ƙwayar a bakin inji. A tabbatar robar da aka dunƙule shi da ita irin taka ce. Idan kayan suka fito da ɗigo-ɗigon baƙi ko suka yi saurin karyewa, bai warwatsu ba ko ya yi yawa. Launi kuwa baƙi ne ko toka, babu jan bokiti. An riga an ga irin wannan a kasuwar duniya: sandar wasan tanis ta Head a 2013, tayoyin keke na Vittoria, soson rage ƙara a motocin Ford tun 2018. A shekarar ce kuma Huawei ta sa fallen girafin mai baza zafi a wayar Mate 20 X. Mai gyaran waya ya lura: fallen nan a kwance yake baza zafi, ba ta kaurinsa ba, kuma yana wuce da wuta, don haka in ya yage ya taɓa fanel zai haɗa waya.

Ruwa

A 2017 ƙungiyar Rahul Nair a Manchesta ta nuna matatar girafin oksaid da ke tare gishiri ta bar ruwa ya wuce. Matsalar da suka magance ita ce shimfiɗun suna kumbura a ruwa, tazararsu ta buɗe gishiri ya bi. Sai suka ɗaure su da ifoksi. Daga wannan zuwa matatar da za ta yi shekaru a gidan ruwa na Tamburawa akwai tafiya mai nisa, kuma mu ba ruwan teku ne damuwarmu ba. Damuwarmu ruwan da ke fita daga kamfanonin fata na Challawa da Sharada ɗauke da kuromiyam, da ruwan rini. Girafin oksaid yana kama launi da ƙarfe masu guba a jikinsa. Duk ɗalibin da zai gwada wannan ya ajiye gawayin tace ruwa a gefe, giram da giram, naira da naira, domin gawayin yana da arha kuma ana iya yin sa daga ɓawon gyaɗa. Ya kuma tanadi yadda zai cire girafin ɗin daga ruwan bayan ya gama aiki, da inda zai kai shi, tunda gubar tana jikinsa yanzu.

Wanda zai daɗe

Maye gurbin silikon a kwamfuta ba nan kusa ba ne. Girafin ba ya iya kashe wuta gaba ɗaya, kwamfuta kuwa da ƙananan makunnai take aiki, makunni kuma dole ya mutu idan an kashe shi. A farkon 2024 ƙungiyar Walter de Heer a jami'ar Georgia Tech ta Amurka ta nuna wani nau'i a kan silikon kabaid da ke iya yi, amma yana matakin bincike. A 2018 a jami'ar MIT ta Amurka an karkata shimfiɗa biyu da digiri 1.1 suka wuce da wuta ba tirjiya, sai dai a sanyin da ya kusa digiri 271 ƙasa da sifili. Waɗanda suka fi kusa su ne ƙananan na'urorin ji: na maganaɗisu, na iska mai guba, na gwajin jini.

Ɗanyen kaya

Akwai girafait a ƙasar nan, ciki har da yankin Birnin Gwari a jihar Kaduna, amma dutsen da aka haƙo ba ya shiga bilenda. Sai an niƙa, an raba shi da yashi ta hanyar kumfa, an tsarkake shi ya haura kashi 99 cikin 100, kuma wannan tsarkakewar ce ke cin kuɗi. Wata hanyar da ta fi dacewa da garin da ke da tsofaffin tayoyi, leda da ɓuntun shinkafar Kura ita ce wadda ɗakin gwajin James Tour a Jami'ar Rice ya bayyana a 2020: a cusa garin kabon a bututun kwaz, a sakar masa wuta mai ƙarfi cikin ƙiftawar ido, zafi ya kai kusan digiri 2,700, ya zama girafin mai shimfiɗu a karkace, wanda ya fi sauƙin warwatsawa a siminti da roba. Ɓuntu sai an fara mayar da shi gawayi an cire masa silika, wadda ke da yawa a cikinsa, taya kuma sai an raba ta da waya da toka. Na'urar tana tara wuta ta ɗaruruwan bolt a manyan kwandensa, adadin da ke kisa nan take ko bayan an zare soket, don haka aikin sashen injiniyan lantarki ne, a cikin akwati mai makulli, da sandar sauke caji, kuma mutum biyu a ɗaki duk lokacin da za a kunna.